Bitar Managed Node Groups na Amazon EKS: sauya tsarin injunan aiki ba tare da sabis ya ɗauke ba

Duk wanda ke riƙe da gungun Kubernetes, wato tarin injunan da ke gudanar da manhajoji cikin kwantena, ko ba jima ko ba daɗe sai ranar taɓa injunan aikinsa ta zo. Ko faifai ya cika ana son a ƙara masa girma, ko injin ya yi wa lodi kaɗan, ko an fitar da sabon AMI, wato hoton babbar manhajar da inji ke tashi da shi, da ke toshe wata ɓaraka ta tsaro, ko kuma ana son gyara wani saitin kubelet, wakilin Kubernetes da ke kan kowane inji. Wahalar ita ce a kan waɗannan injunan ne manhajojin jama'a ke gudana, kuma ba abokin cinikin da zai yarda a ce masa ya dawo bayan awa biyu. Aikin kamar sauya rufin ɗaki ne a tsakiyar damina da mutane a ciki.

Amazon ta fito da Managed Node Groups a watan Nuwamba na 2019 domin ta ɗauke wa masu EKS, wato sabis ɗinta na Kubernetes, wannan nauyi. Rukunin injuna ne na EC2, wato injunan hayar AWS, da EKS ke tayarwa a ƙarƙashin Auto Scaling mai ƙarawa da rage yawansu, shi ke haɗa su da gungu, shi ke kwashe fod-fod (pod, wato kwafin manhaja da ke gudana a kan inji) daga tsoho ya kashe shi idan an zo sabuntawa. Ba a biyan ƙarin kuɗi a kansa, kuɗin injunan da faifansu kawai ake biya, sai dala 0.10 a kowace awa ta gungun kansa. A ganinmu, ta fuskar maye gurbin injuna ɗaya bayan ɗaya, aikinsa na da kyau kuma ana iya dogara da shi. Amma rashin ɗaukewar sabis ba shi ke bayarwa ba. Yawancin wannan yana hannun mai gungu, kuma da zarar an tayar da sabuntawa, ba ka da linzamin da za ka ja.

Abin da ake iya sauyawa da abin da ba a iya

Kafin a taɓa komai sai a san wane irin sauyi ake shirin yi, domin EKS bai ɗauke su ɗaya ba.

Akwai waɗanda ba sa buƙatar a kashe ko inji guda: laƙabi (label), tabo (taint, alamar da ke hana fod sauka a kan inji sai wanda ya yarda da ita), da yawan injuna. Ana yin su da `aws eks update-nodegroup-config`, su hau kan injunan da ke aiki. Sauƙinsu ne ke ruɗin mutane. Tabon da aka ba tasirin `NoExecute` yana korar duk fod ɗin da bai yarda da shi ba nan take, kuma wannan korar ba ta bin PodDisruptionBudget, wato PDB, dokar da ke iyakance yawan fod ɗin da za a iya saukewa a lokaci ɗaya. Haka ma rage `desiredSize`: Auto Scaling ne ke zaɓar injin da zai kashe, kuma takardun AWS sun faɗa ƙarara cewa wannan hanya ba ta duba PDB. Wanda ya rage rukuni daga 10 zuwa 6 da rana tsaka zai iya rasa duk kwafin wata manhaja a lokaci guda, idan aka yi rashin sa'a suna kan injuna huɗun da aka zaɓa.

Sai waɗanda ake yi ta hanyar samfurin tayar da inji na EC2 (launch template), wanda EKS ya fara karɓa a watan Agusta na 2020: girman faifai da nau'insa, rukunin tsaro, rubutun da inji ke gudanarwa idan ya tashi, saitin kubelet, lambar AMI, da nau'in inji idan a cikin samfurin aka rubuta shi. Ana yin sabon bugu na samfurin, a ce wa EKS ya koma kansa, sai ya maye gurbin injunan gaba ɗaya.

A nan babban tarkon yake. Rukunin da aka ƙirƙira ba tare da samfurinka ba, ba za ka iya liƙa masa samfuri daga baya ba. Wanda ya danna maɓallai a shafin AWS ya karɓi faifan GiB 20 da ake bayarwa idan ba a ce komai ba, ranar da hotunan kwantena suka cika faifan ba shi da hanyar ƙara shi sai ya gina sabon rukuni. Idan ka leƙa EC2 za ka ga wani samfuri da EKS ya yi wa kansa, sunansa ya fara da `eks-`. Kada a taɓa shi. Gyara shi da hannu na jefa rukunin cikin matsalar `Ec2LaunchTemplateVersionMismatch`. Don haka shawara ta farko, tun ranar ƙirƙira: a yi rukuni da samfurin kai, ko da babu komai a ciki sai girman faifai.

Na ƙarshe su ne waɗanda ba sa sauyuwa ko ta wace hanya: sabnet (ɓangaren sadarwar da injuna ke samun adireshi daga ciki), matsayin IAM da ke ba injunan izini, nau'in AMI, zaɓi tsakanin On-Demand (haya ta yau da kullum) da Spot (mai arha da AWS ke iya karɓewa), da jerin nau'o'in inji idan a jikin rukunin aka rubuta su. Waɗannan sai sabon rukuni.

Yadda sabuntawar ke tafiya

A ce ana son faifai ya tashi zuwa GiB 100. Umarni biyu ne:

```
aws ec2 create-launch-template-version \
  --launch-template-id lt-0abc --source-version 3 \
  --launch-template-data file://faifai.json

aws eks update-nodegroup-version \
  --cluster-name kasuwa --nodegroup-name aiki-1 \
  --launch-template id=lt-0abc,version=4
```

Umarni na biyu zai dawo da lambar sabuntawa, wadda ake bibiya da `aws eks describe-update`. A lura da `--source-version`. Idan aka manta da shi, sabon bugun zai ƙunshi abin da ke cikin fayil ɗin kawai, duk sauran saitin tsohon bugu ya ɓace.

Daga nan EKS na bin matakai huɗu. Da farko yana kwafe sabon bugun ya ɗora wa Auto Scaling, ya duba `maxUnavailable`, wato injuna nawa zai iya taɓawa a lokaci ɗaya. Idan ba a sa komai ba, 1 ne, kuma ba ya wuce 100. Ana iya bayar da shi da kaso cikin ɗari ta `maxUnavailablePercentage`.

Mataki na biyu shi ne ƙara injuna, kuma shi ne mutane ba sa yi wa lissafi. EKS ba inji ɗaya yake ƙarawa ba. Yana duba lambobi biyu ya ɗauki babba: ninki biyu na yawan shiyyoyin da rukunin ke ciki (Availability Zones, wato cibiyoyin AWS daban-daban a cikin yanki ɗaya), ko `maxUnavailable`. Rukunin da ke shiyya 3, kamar yadda aka saba a yankin Cape Town ko na Landan, zai iya samun ƙarin injuna har 6, ko da rukunin gaba ɗaya injuna 4 ne. Kowane sabon inji yana da minti 15 ya shiga gungu ya nuna `Ready`. Bayan sun shiga, sai EKS ya rufe ƙofar tsofaffin don kada sabon fod ya sauka a kansu, ya kuma manna musu laƙabin `node.kubernetes.io/exclude-from-external-load-balancers=true` domin masu raba lodi su cire su.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin. Yana zaɓar tsohon inji, ba bisa wani jeri da ka tsara ba, ya kwashe fod-fod ɗinsa ta hanyar korar da ke bin PDB. Idan injin ya zama fanko sai ya jira daƙiƙa 60, sannan ya ce wa Auto Scaling ya kashe shi. Haka zai yi ta yi har ba sauran inji mai tsohon tsari. Idan fod ya ƙi fita cikin minti 15, sabuntawar ta faɗi da `PodEvictionFailure`. A mataki na huɗu yana mayar da yawan injuna yadda yake tun farko, sai dai idan ya ga Cluster Autoscaler, manhajar da ke juya yawan injuna gwargwadon lodi, na ƙara injuna a daidai lokacin, to zai bar rukunin yadda yake ya fita.

Ta fuskar lokaci, a ɗauka kowane inji na cin minti 5 tsakanin kwashewa, jiran daƙiƙa 60, kashewa da tashin madadinsa. Rukuni mai injuna 30 da `maxUnavailable` 1 zai ci awa biyu da rabi. Ɗaga lambar zuwa 3 na rage lokacin sosai, amma yana nufin fod-fod na injuna uku ne ke neman wurin sauka a lokaci guda.

A watan Janairu na 2025 an ƙara zaɓin `updateStrategy`. `DEFAULT` shi ne abin da muka bayyana. `MINIMAL` yana kashe tsohon inji kafin ya tayar da sabo, ba ya neman ƙarin injuna. An yi shi ne don masu injunan GPU ko waɗanda suka kama wuri na ƙayyadadden adadi, inda ba a samun ƙarin inji ko an nema. Ga manhajar da jama'a ke amfani da ita, `MINIMAL` na rage ƙarfin gungu a tsawon aikin, don haka sai wanda ya san yana da rarar wuri.

Inda take tsayawa

Faɗuwar sabuntawa kusan kullum ɗaya ce daga cikin biyu: sabon inji bai shigo ba, ko tsoho ya ƙi zama fanko.

Rashin shigowa, wato `NodeCreationFailure`, ya fi zuwa daga lissafin ƙarin injuna shidan nan. Ɗauki m5.xlarge mai vCPU 4. Shida na nufin ƙarin vCPU 24, kuma kowane asusu na da iyakar vCPU a kowane yanki. Sabon asusu ko wanda ya kusa cika iyakarsa zai tsaya a nan, kuma neman ƙari ta Service Quotas ba koyaushe ake amsawa nan take ba. Sai adireshin IP. Manhajar sadarwa ta Amazon VPC CNI tana ba kowane fod adireshi daga sabnet ɗinka, kuma bisa saitinta na asali tana ajiye katin sadarwa guda cike da adireshi a gefe. Kowane kati a m5.xlarge na ɗaukar adireshi 15, don haka sabon inji na kame kusan 30 tun bai ɗauki wani lodin kirki ba. Injuna biyu a kowace shiyya na nufin adireshi 60 daga kowane sabnet, alhali sabnet mai /24 adireshi 251 ne kawai ake iya amfani da su, domin AWS na riƙe 5. Idan sun ƙare, wani lokaci injin zai tashi lafiya amma fod-fod su maƙale a `ContainerCreating`, wanda ya fi muni, domin an riga an kori na tsohon injin. Kafin a fara, a duba `AvailableIpAddressCount` na kowane sabnet da `aws ec2 describe-subnets`.

Samfurin kansa ma na hana inji shiga. Idan ka rubuta rukunin tsaro a cikinsa, EKS ba zai ƙara rukunin tsaron gungu da kansa ba, kai za ka sa shi, in ba haka ba injin ba zai iya magana da cibiyar gungu ba. Idan ba ka rubuta lambar AMI ba, rubutun farawa dole ya kasance a tsarin MIME mai sassa da yawa, domin EKS na haɗa shi da nasa. Idan kuwa ka rubuta lambar AMI, EKS ba ya haɗa komai, duk abin da inji ke buƙata don ya shiga gungu kai za ka bayar. Abin yabo a nan shi ne irin wannan kuskure na bayyana a mataki na biyu, kafin a taɓa tsofaffin injuna, don haka sabuntawar ke faɗuwa, sabis yana nan.

Ƙin zama fanko kuwa PDB ne ya fi jawo shi. Manhaja mai kwafi 1 da `minAvailable: 1` ba za ta taɓa yarda a kore ta ba. Haka mai kwafi 3 da `minAvailable: 3`, ko `maxUnavailable: 0`. Akwai kuma wanda ya fi ɓoyuwa: PDB ɗin daidai yake, amma kwafi ɗaya ya daɗe yana faɗuwa yana tashi, sai lissafin ya nuna babu sauran wanda za a iya saukewa. Saitin `unhealthyPodEvictionPolicy: AlwaysAllow`, wanda ya kammala zama a Kubernetes 1.31, yana ba da damar korar fod ɗin da dama ba shi da lafiya, amma ba ya buɗe hanya ga masu lafiyar da suka rage. Umarni guda na nuna duk wannan:

```
kubectl get pdb -A
```

Duk layin da ke da 0 a ƙarƙashin `ALLOWED DISRUPTIONS` zai tsayar da aikin. A gyara shi kafin a fara.

Sauran dalilai biyu. Fod ɗin Deployment (mai kula da kwafin manhaja) da aka rubuta masa yarda da kowane tabo, wato `operator: Exists` ba tare da maɓalli ba, ana korarsa ya sake sauka kan injin da aka kore shi, injin ba zai zama fanko ba har minti 15 su cika. Wannan saitin na DaemonSet ne, mai sa fod a kan kowane inji, amma sau da yawa ana kwafo shi zuwa inda bai dace ba. Sai fod ɗin da aka ba `terminationGracePeriodSeconds` mai tsawon da ya wuce minti 15, kamar mai sarrafa dogon aiki na bayanai. Agogon EKS ba ya jiransa, kuma babu inda ake ƙara wa minti 15 ɗin nan tsawo. A ganinmu wannan rauni ne na gaske. GKE, takwaran EKS na Google, na jiran PDB da lokacin rufewa har awa 1.

Akwai `--force`, kuma mutane na saurin kai hannu gare shi idan dare ya yi. Abin da yake yi shi ne ya ci gaba da kashe injin ko da PDB bai yarda ba. Sabuntawar za ta ƙare, amma manhajar da PDB ke karewa za ta ɗauke.

Rabon da ke kan mai gungu

Sabuntawa na iya nuna `Successful` alhali masu amfani sun sha kuskuren 502 na tsawon minti biyu. EKS injuna yake kallo, ba buƙatun da ke shigowa ba.

Abu na farko da za a gane: kora ba irin sabunta Deployment ba ce. Idan ka fitar da sabon bugun manhaja, Kubernetes na tayar da sabon fod kafin ya kashe tsoho. A kora kuwa tsohon ake fara kashewa, sannan ReplicaSet, mai ƙirga kwafi, ya ga an samu giɓi ya cike. Saboda haka manhaja mai kwafi 1 dole ta ɗauke muddin aka kore ta, ko da PDB ko babu. Mafi ƙaranci shi ne kwafi 2, da PDB mai `maxUnavailable: 1`, da `topologySpreadConstraints` da zai raba su kan injuna daban, in da hali shiyyoyi daban. Kwafi biyu a kan inji ɗaya ba tare da PDB ba daidai suke da kwafi ɗaya.

Na biyu shi ne tseren da ke faruwa lokacin rufe fod. Kubelet na aika masa SIGTERM, wato saƙon ya rufe, a daidai lokacin da ake cire adireshinsa daga jerin masu karɓar buƙata. Cirewar na ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta isa kube-proxy mai tura buƙatu a kowane inji da kuma ALB, mai raba lodi na AWS, kuma a wannan tazarar buƙatu na ci gaba da zuwa wurin manhajar da ta riga ta rufe ƙofa. Maganinsa shi ne ɗan jinkiri a `preStop`:

```
terminationGracePeriodSeconds: 60
containers:
- name: shago
  lifecycle:
    preStop:
      sleep:
        seconds: 20
```

Wannan salon `sleep` yana aiki kai tsaye daga Kubernetes 1.30. Kafin nan sai an kira umarnin `sleep` a cikin kwantenar, wanda ba ya yiwuwa idan hoton ba shi da shi. Daƙiƙa 20 ɗin daga cikin lokacin rufewa ake cire su. Idan aka bar lokacin a 30 na asali, daƙiƙa 10 kawai suka rage wa manhajar ta kammala abin da ke hannunta kafin a kashe ta da ƙarfi.

Na uku yana ɗaya ɓangaren, wajen sabon fod. Kubernetes na iya ganin fod ya shirya alhali ALB bai gama yi masa rajista da gwajin lafiya ba. PDB zai ce kwafi sun cika, a kori na gaba, sai a wayi gari ALB ba shi da ko ɗaya mai lafiya a hannunsa. AWS Load Balancer Controller na da maganin wannan: a sa wa namespace laƙabin `elbv2.k8s.aws/pod-readiness-gate-inject=enabled`, sai fod ya ƙi nuna ya shirya har sai ALB ya amince da shi. Yana aiki ne kawai idan ana tura lodi zuwa adireshin fod kai tsaye, wato `target-type: ip`, kuma fod-fod ɗin da aka tayar bayan sa laƙabin kaɗai ke samunsa, don haka sai an sake tayar da tsofaffin tun kafin ranar sabuntawa. Tura lodi ta adireshin fod na da wata fa'ida kuma. Wanda ke tura lodi ta injuna, musamman da `externalTrafficPolicy: Local`, laƙabin cirewar da EKS ke manna wa tsofaffin injuna na iya fitar da su daga mai raba lodi tun fod-fod ɗinsu ba su ƙaura ba.

Sai faifan EBS, wanda ke ɗaure da shiyya ɗaya. Fod ɗin ma'ajiyar bayanai da faifansa ke `af-south-1a` ba zai tashi a wata shiyya ba, zai zauna a `Pending` har a samu wuri a shiyyarsa. Don irin wannan lodi, rukuni ɗaya ga kowace shiyya ya fi kwanciyar hankali. Abin da ke cikin `emptyDir` kuwa yana tafiya tare da fod ɗin, haka fod ɗin da aka tayar shi kaɗai ba tare da Deployment ko StatefulSet ba, babu mai dawo da shi.

A ƙara da cewa sabon inji ba shi da hoton kwantena ko ɗaya a faifansa. Fod ɗin da ya saba tashi cikin daƙiƙa 5 zai iya cin minti biyu yana sauke hoto, kuma idan daga Docker Hub ake saukewa ta adireshin NAT guda, iyakar saukewarsu na iya tare hanya a tsakiyar aiki. Ajiye hotunan a ECR, ma'ajiyar hotuna ta AWS, na yankin da gungun yake ya kawar da wannan.

Lokacin da rukuni na biyu ya fi

Babban abin da muke ƙorafi a kai shi ne rashin linzami. Babu dakatarwa, babu sokewa, babu cewa a sauya injuna biyu a tsaya a duba na awa guda. Ba a kuma mayar da rukuni zuwa tsohon bugun Kubernetes ko tsohon AMI da EKS ya bayar. Wanda ke da samfurinsa zai iya komawa tsohon bugun samfurin, amma wannan wata cikakkiyar sabuntawa ce, kuma sai ta farkon ta ƙare ko ta faɗi kafin EKS ya karɓi ta biyu. GKE na da salon shuɗi da kore a jikinsa, wato tayar da sabbin injuna a gefen tsofaffi kafin a kashe su, da lokacin jira don a duba, da umarnin sokewa da na komawa baya. A EKS da hannu ake gina wannan.

Ba wuya gare shi ba. A ƙirƙiri sabon rukuni da sabon tsari a gefen tsoho. Idan akwai Cluster Autoscaler a hana shi ƙara wa tsohon rukuni injuna. A rufe ƙofar tsofaffin gaba ɗaya:

```
kubectl cordon -l eks.amazonaws.com/nodegroup=aiki-1
```

Daga nan sai a fara da manhaja guda marar haɗari, a yi mata `kubectl rollout restart deployment`. Wannan dabarar na da amfani ƙwarai, domin tana bin hanyar sabunta Deployment ce, sabon fod ya tashi a sabon inji kafin a kashe tsoho, har manhaja mai kwafi 1 na iya ƙaura ba ta ɗauke ba, muddin ba ta riƙe da faifan EBS. A duba ma'aunai, a ci gaba da sauran, sannan a kwashe abin da ya rage da `kubectl drain --ignore-daemonsets --delete-emptydir-data`, inji bayan inji. Idan wani abu ya lalace, `kubectl uncordon` na dawo da tsofaffin injuna cikin daƙiƙa, domin suna nan ba a kashe su ba. A bar su kwana ɗaya kafin a goge rukunin. Kada a goge rukunin da ke ɗauke da lodi ana sa ran EKS zai kwashe shi a hankali: gogewa na mayar da yawan injuna zuwa sifili ne, ya ba fod-fod 'yan mintuna, sannan a kashe injunan ko sun fita ko ba su fita ba.

Ƙaura daga Amazon Linux 2 zuwa Amazon Linux 2023 ita ce misalin da ya fi nuna amfanin wannan hanya. AWS ta daina fitar da AMI na EKS a kan Amazon Linux 2 daga 26 ga Nuwamba 2025, kuma Kubernetes 1.32 ne bugu na ƙarshe da ya samu irinsa. Sabon ya sauya abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Tsohon `bootstrap.sh` ya tafi, `nodeadm` ya maye gurbinsa da fayil ɗin `NodeConfig`. VPC CNI sai 1.16.2 ko sama. An koma cgroup v2, kuma Java 8 da bai kai 8u372 ba ba ya gane iyakar ƙwaƙwalwar da aka sa wa kwantenarsa a can, sai ya yi lissafi da ta injin gaba ɗaya har a kashe shi da `OOMKilled`. A rukunin da ba shi da samfuri kuma, iyakar tsallen IMDS, sabis ɗin da ke ba da bayanan inji da izininsa, 1 ce, don haka fod ɗin da ya saba aron izinin IAM na inji zai rasa shi. Duk waɗannan ba sa hana inji nuna `Ready`. A idon EKS komai lafiya, zai ci gaba da kashe tsofaffin injuna, sai dai idan PDB da gwajin shiri sun tare shi.

Ƙa'idar da muke ba da shawara a kai: sabon AMI na wata-wata a kan tsari ɗaya, ko ƙarin faifai, a bar wa EKS ya yi. Sauyin babbar manhajar inji, ƙaura daga injunan x86 zuwa na Graviton mai tsarin Arm, ko gyaran saitin sadarwa, a yi da rukuni na biyu. Kuɗin ninka injuna na kwana ɗaya ana iya lissafa shi tun kafin a fara.

Masu Karpenter, manhajar tayar da injuna ga gungu, wanda ya kai bugu na 1.0 a Agusta 2024, suna da wata hanya daban: yana gano injin da tsarinsa ya saɓa da abin da aka rubuta, ya maye gurbinsa da kansa, kuma ana iya ƙayyade masa kaso da sa'o'in da zai yi aiki. Ya fi sassauci, amma wata manhaja ce da za ka riƙe, kuma shi kansa yana buƙatar inda zai zauna, wanda galibi ƙaramin rukuni ne irin wannan da muke bita. Ga gungu mai injuna 5 zuwa 30 da lodinsa ba ya yawan hawa da sauka, Managed Node Groups ya wadatar.

Masu Terraform, manhajar gina kayan aiki daga fayil, su kula da abu uku a `aws_eks_node_group`. Sauya `instance_types` ko `subnet_ids` na sa Terraform ya goge rukunin ya gina sabo, kuma bisa al'adarsa gogewa ce ke fara zuwa. Sai an sa `create_before_destroy` tare da `node_group_name_prefix`, kuma ko da haka gogewar tsohon irin ta EKS ce da ba ta jiran PDB, don haka a karanta `terraform plan` a nemi kalmomin `forces replacement` kafin a amince. Lokacin jiransa na sabuntawa minti 60 ne. Rukuni mai injuna 30 zai wuce haka, Terraform ya ce ya faɗi alhali EKS na ci gaba da aiki a can, kuma sake gudanar da shi zai ci karo da `ResourceInUseException`. A ɗaga `timeouts` zuwa awa 3 ko fiye gwargwadon girman rukunin. Idan kuma Cluster Autoscaler ke juya yawan injuna, a sa `desired_size` cikin `ignore_changes`, in ba haka ba kowane `apply` zai mayar da rukunin zuwa lambar da ke cikin fayil, ta hanyar ragewar nan da ba ta duba PDB.